Gwamna Jiruwa da Hanyar Dogo

Jirgin ƙasa bai taɓa zuwa garinmu Salka ba, bai kuwa taɓa zuwa Kontagora ba. Wanda duk ya ke so ya gan shi daga wajenmu, sai ya niƙi hanya har Zungeru ko Mokwa. Sabo da haka jirgin da na fara sani a duniya na kara ne. Da kaka, in an gama yankan dawa, mu kan tsinci kara mu ɓare ɓawon, mu yanyanka totuwar, mu harhaɗa da ƙaya, sa'an nan mu fafe sakaina mu yi ƙafafu. Yawancin abokaina mota su ke yi. Ni kuwa jirgi ne ya shiga raina, tun ran da wani tsohon Fada mutumin Ailan ya ziyarci makarantarmu ta Mishan ya nuna mana hotunan waɗansu ƙananan jirage.

Ya gaya mana a ƙasarsu magidanta ma su kan yi wannan wasa, ba su kuwa jin kunya. An fara jirgin ƙasa a Ailan tun 1834, kuma mutanenta suna son abinsu ƙwarai. Akwai wani ma'aikacin reluwe a birnin Dabilin, sunansa Cyril Fry, wanda ya rasu cikin 1972. Shi in ya tashi daga aikin manyan jirage ya komo gida, sai ya zauna yana ƙera ƙanana, ko wanne kamannin wani jirgi na gaske, ba ragi ba ƙari sai dai ƙanƙanta. An tara su an ajiye a garin Malahaid kusa da Dabilin don mutane su riƙa zuwa kallo.

Da aka tura mu gwajin koyarwa bara, aka ba ni aji 5, darasin kuwa hanyoyin tafiya ne. Na ce to, ga ranar wasan yarinta ta zo. Na yi kan jirgi da gwangwanin madara, taragu 3 da kara, na shimfiɗa musu hanya a daɓen aji. Yara suka yi ta murna, ni ma kaina ya fara kumbura. Can sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta tambaye ni wanda ya yi hanyar jirgin gaske. Na ce Turawa ne. Ta sake tambaya, Turawan su nawa ne har suka iya haƙa ƙasa tun daga Kwara har Kano. Nan fa na yi tsuru-tsuru, malamin da ya zo duba ni yana zaune a bayan aji yana rubutu. Na yi wa yaran alkawari zan nemo amsa. Abin da na samo ke nan na ke so in gaya muku, 'yan'uwa ɗalibai, don kada wani ya sha kunyar da na sha. Labarin wani mutum ne, Sir Percy Girouard, wanda a ke faɗin sunansa Jiruwa.

Asalinsa

An haifi Jiruwa ran 26 ga Janairu 1867 a birnin Mantiriyal na ƙasar Kanada. Ubansa Bafaranshen Kanada ne, lauya, wanda daga baya ya zama alƙali a babbar kotun ƙasar. Uwarsa kuwa asalinta mutuniyar Ailan ce, ƙasar tsohon Fadan nan namu. Ya tashi yana jin Faransanci da Ingilishi duka. Ya shiga kwalejin soja ta Kingiston, ya fita cikin 1886. Da fitarsa ya yi shekara 2 yana aiki da kamfanin reluwe na Kanada, cikin masu awon hanya da masu shimfiɗa ta a daji. A nan ya koyi abin da ba a koyarwa a aji, watau yadda a ke ciyar da ma'aikata a inda ba gari, da yadda a ke kai musu ƙarfe kafin su zauna jiransa.

Cikin 1888 ya haye Ingila ya shiga rundunar injiniyoyin soja. Daga 1890 zuwa 1895 aka ɗora shi bisa 'yar reluwen da ke cikin gidan ƙera makamai na Wulij, kusa da Landan. Aiki ne maras suna, wanda samarin hafsoshi ba su so, gama ba a samun lambar yabo a cikinsa. Shi kuwa ya riƙe shi da kyau. Wannan riƙo ne ya sa da aka bukaci mai jirgi a bakin daga, aka tuna da shi.

A Hamadar Sudan

Cikin 1885 mutanen Mahadi suka ci birnin Hartum, suka kashe Janar Godon. Mahadi ya rasu a shekarar nan, Halifa Abdullahi ya gaje shi. Bayan shekara 11 Ingilishi suka ƙudura su ci ƙasar, suka sa Janar Kicina, shugaban sojan Masar, ya ja rundunar. Amma abokin gāban Kicina na farko nisa ne da ƙishirwa. Wanda ya dubi taswira zai ga Kogin Nilu ya yi wani babban lanƙwaso tsakanin Wadi Halfa da Abu Hamad, ga kuma duwatsu cikin ruwa da su ke hana jiragen ruwa wucewa. Kicina ya so a yanke lanƙwason nan da hanyar jirgi, a ratsa hamada kai tsaye, kimanin mil 230. Manyan injiniyoyi suka ce ba shi yiwuwa. Sai ya ba Jiruwa aikin, yana laftana, shekararsa 29.

Abin da ya fara yi shi ne ya zauna ya rubuta ko wane abu da za a bukata, tun daga kan jirgi har ƙusa da fitila, ya cika wani littafi mai kauri, aka yi odar kayan tun kafin a sara ƙasa. Ya kuma buɗe makaranta a Wadi Halfa inda aka koya wa mutanen ƙasar aikin tasha da ba da alama. Aka soma aiki ran 1 ga Janairu 1897. Ruwa ne babbar wahala, domin kan jirgi na wancan zamani tururi ya ke amfani da shi, yana shan ruwa fiye da garken raƙuma. Ko wane jirgi sai ya jawo tankunan ruwan da zai sha zuwa da komowa, da wanda ma'aikata za su sha, sa'an nan ya jawo ƙarfe. Gwargwadon yadda hanya ta yi nisa, gwargwadon yadda ruwa ke cinye wurin kaya. Suka yi sa'a, aka haƙa rijiya a wuri 2 cikin hamadar aka sami ruwa. Wani abin mamaki kuma, sa'ad da aka fara aikin, garin da a ke nufa yana hannun sojan Halifa tukuna. Sai cikin Agusta aka ci shi, hanya kuwa ta iso ƙarshen Oktoba. Cikin 1898 ta kai Atbara.

To, a nan ya kamata malami ya tsaya ya faɗa wa yara gaskiya. Hanyar nan don yaƙi aka yi ta. Ita ta kawo soja da igwa da harsashi, har aka yi karon Omdurman ran 2 ga Satumba 1898, inda mutanen Halifa fiye da 10,000 suka mutu cikin yini ɗaya, na Kicina kuwa da suka mutu ba su kai 50 ba. Waɗanda suka ɗauki ƙarfen cikin zafin nan manoman Masar ne da aka ɗebo aikin soja, da fursunoni. Cikin hafsoshin da suka halarci yaƙin akwai wani saurayi, Mista Cocil, wanda ya rubuta littafi a kansa ya yabi Jiruwa ƙwarai. Ku riƙe sunan nan, zai sake fitowa.

Daga nan aka naɗa Jiruwa shugaban reluwen Masar. Bai daɗe ba yaƙi ya tashi tsakanin Ingilishi da Bowa a Afirka ta Kudu cikin 1899, aka kira shi can ya riƙe jiragen soja. Bowa su kan fasa gada in za su ja da baya. Shi kuwa maimakon ya tsaya jiran gyaran babbar gada, sai ya karkatar da hanya ta gangara cikin kwari, ya kafa 'yar kadarko ta wucin gadi, jirgi ya wuce. Cikin 1900 aka ba shi muƙamin Sir, yana da shekara 33. A can ya yi aure cikin 1903.

Zuwansa Arewa

Mu komo gida. Sojan Gwamna Lugga sun ci Kontagora da Bida cikin 1901, Kano da Sakkwato cikin 1903, hedkwatarsu kuwa tana Zungeru. Amma cin ƙasa dabam, riƙonta dabam. Kayan duk da za a kai Kano daga bakin kogi, sai a kan mutum ko a bayan jaki, makonni ana tafiya. Jirgin ƙasa ɗaya tak a ke da shi a Arewa, wata 'yar siririyar hanya mai faɗin ƙafa 2 da inci 6, wadda ta haɗa Zungeru da Barijuko a bakin Kogin Kaduna. Kan jirginta an ajiye shi a tashar Minna don tarihi. Masu masaƙu a Ingila kuwa suna ta matsa wa gwamnatinsu, suna tsammani Arewa za ta cika musu rumbu da auduga in an sami hanyar fitar da ita.

Gardama ta tashi. Gwamnan Ikko yana so a miƙo hanyarsa da ta taso daga bakin teku har ta kai Kano. Lugga kuwa yana so Arewa ta yi tata, daga Baro a bakin Kwara, inda jiragen ruwa za su riƙa sauke kaya, don kada ta dogara ga Kudu. Lugga ya bar ƙasar cikin 1906 ba a yanke magana ba. A lokacin nan Mista Cocil ya zama mataimakin ministan ƙasashen mallaka a Landan, sai ya tuna da injiniyan hamada. Haka aka yi Jiruwa ya zo Zungeru cikin 1907, ya gaji Lugga, yana da shekara 40.

Ya duba ƙasa ya ba da shawara a yi duka biyu. A fara ta Baro nan da nan, ma'aikatan gwamnatin Arewa su yi ta da kansu ba tare da 'yan kwangila ba, bisa kimanin fam 3,000 ko wace mil, wanda ya ke araha ne ƙwarai a kan abin da aka kashe a Kudu. Ta Ikko kuma ta ƙetaro Kwara a Jebba, ta biyo Mokwa da Zungeru, su haɗu. Ya kuma tsaya a kan faɗin hanyar ya zama ƙafa 3 da inci 6, daidai da na Ikko da na Sudan. Wannan ƙaramar magana ce a ido, amma wanda ya taɓa haɗa jirgin kara ya san nauyinta. In ƙafafun tarago sun fi hanya faɗi da ko rabin inci ne, ba inda za shi. Da an yi ta Arewa siririya, da ko wane buhu sai an sauke shi an sake lodi a mahaɗa. Mutanen Ailan sun sha irin wannan rikici, kamfani ko wane da nasa faɗi, har sai da aka yi doka cikin 1846 aka tsai da ƙafa 5 da inci 3 ga ƙasar.

Landan ta yarda cikin 1907. Shugaban ma'aikatar ayyuka, Mista John Eaglesome, shi ya riƙe aikin a fili. Ana jiran Kwara ta cika da damina, jiragen ruwa su hauro da ƙarfe su jibge a Baro, da rani kuma a yi ta shimfiɗawa. Hanya ta bi Badeggi ta kai Minna, mil 111, ta ƙetare Kogin Kaduna, ta bi Zariya. Akwai ranar da aka shimfiɗa mil 6 da rabi tsakanin safe da yamma. Cikin Maris 1911 ƙarfe ya iso Kano, zamanin Sarki Abbas, mil 356 daga Baro. Cikin 1912 aka buɗe ta ga kowa, aka kuma haɗa ta da ta Ikko suka zama reluwe guda.

Zamanin Diga

Yanzu mun zo ga tambayar yarinyar nan. Turawan da suka yi aikin 'yan kaɗan ne, masu awo da masu duba aiki. Waɗanda suka sare daji, suka fasa dutse, suka cika kwari da ƙasa kwando kwando a ka, dubban Nufawa ne da Gwarawa da Hausawa. Da yawansu kuwa ba da son ransu suka zo ba. Arahar nan ta fam 3,000 daga nan ta fito. Razdan ya kan gaya wa sarki yawan mutanen da a ke so, sarki ya raba wa hakimai, hakimi ya raba wa dagatai, dagaci ya shiga gida gida. A kan kai mutum ya yi makonni, a sallame shi a kawo wani. Ana biyansu lada, da kuɗin Turawa, hannu da hannu, kuma ta nan sule da kwabo suka fara korar kuɗin wuri a kasuwanninmu, da su kuma mutane suka riƙa biyan haraji. Amma wanda aka ɗauke daga gonarsa ana tsakiyar aiki, lada ba ta noma masa dawa. Ga kuma garuruwan bakin hanya da aka ɗora wa ciyar da wannan taro. Mutane suka sa wa lokacin suna zamanin diga, sabo da abin haƙan da aka ba su. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, wanda aikin ya ratsa ƙasarsa, har waƙa ya yi a kansa, ita ce a ke kira Waƙar Diga.

Ba kowa ne ya haƙura ba. Cikin 1909 Gwarawan Gussoro, a ƙasar Kuta, waɗanda ɗibar ma'aikata da sauran nauyin sabon mulki suka ishe su, suka kashe wani Bature da 'yan sandan da ke tare da shi. Aka tura soja suka yi musu mummunan horo. Wannan ya faru Jiruwa yana gwamna. Sunansa na cikin littattafai, har akwai dutse a Kanada da a ke kira da sunansa. Na masu kwandon kuwa ba wanda ya rubuta. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Don in gane girman aikin na yi wani ɗan lissafi, wanda ku ma kuna iya ba yaranku. Jirgina na yi shi bisa ma'aunin inci 1 a madadin ƙafa 1, watau faɗin hanyata inci 3 da rabi ne. Yadi 4 na shimfiɗa a aji, ya ci mini yammaci 3. Da zan yi dukan hanyar Baro zuwa Kano da wannan ma'auni, sai a raba 356 gida 12, watau sai na yi kusan mil 30 ina jera kara. Wannan fa na wasa ke nan, ba dutse, ba kogi, ba mai tsaye a kaina.

Abin da hanyar ta haifar kuma ya saɓa wa lissafin masu ita. Auduga aka nufa, sai manoman Kano suka ga gyaɗa ta fi riba, tun daga 1912 suka cika tasha da ita, har daga baya aka yi dalar gyaɗa, attajirai irin su Alhasan Ɗantata suka ƙasaita. Minna da Kaduna jirgi ne ya raya su, har hedkwata ta tashi daga Zungeru ta koma Kaduna cikin 1917. Mutanen Kudu suka biyo jirgi, aka kafa Sabon Gari a Kano da Zariya. Baro kuwa, wadda don ita aka yi gardamar, ba ta daɗe ba ta koma baya, domin manyan jiragen ruwa ba su isa can sai Kwara ta cika. Da aka gama gadar Jebba, kaya suka bi hanyar Ikko, reshen Baro ya yi ta lalacewa har jirgi ya daina binsa.

Ƙasa da Makaranta

Shekara 2 da 'yan watanni kaɗai Jiruwa ya yi a Arewa, amma ya bar abubuwa 2 ban da hanyar dogo. Na farko maganar ƙasa ce. Ya hango cewa in jirgi ya zo, ƙasar bakin hanya za ta yi daraja, kamfanonin Turawa da masu kuɗi za su saye ta, manomi ya zama ɗan ƙodago a gonar ubansa. Ya sa aka bincika al'adun gado da na riƙon gona a larduna, aka kafa kwamiti a Landan cikin 1908. Daga nan aka yi dokar 1910, wadda ta ce ƙasar Arewa duka tana hannun Gwamna ne amana domin 'yan ƙasa, baƙo ba shi sayenta ta zama tasa har abada, sai dai a ba shi izinin zama na ƙayyadadden lokaci. Dokar ta tara iko mai yawa a hannun gwamnati, wannan gaskiya ne. Amma tana cikin dalilan da suka sa Turawa ba su kafa manyan gandaye a Arewa ba. Dokar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 daga gare ta ta tsiro, ta Nijeriya duka ta 1978 kuma ta bi sawunta.

Na biyu ya shafe mu mu malamai. Shi ne ya zaɓi Hanns Vischer, wanda a ke kira Ɗan Hausa, ya ɗora masa shirya ilmin gwamnati, har ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano cikin 1909, inda a ke koyarwa da Hausa. Amma a wajen Mishan ya fi Lugga tsanani. Bai so su shiga biranen sarakunan Musulmi ba, don gudun tashin hankali. Ni da na yi karatu a hannun Mishan na daɗe ina juya wannan a raina. Ya kiyaye alkawarin da aka yi wa sarakuna game da addini, wannan abin girmamawa ne. Sai dai gwamnati ba ta buɗe makarantu isassu a madadin waɗanda ta hana ba, ratar ilmin boko tsakanin Arewa da Kudu kuwa ta yi ta faɗi.

Alkawarin Masai

Cikin 1909 aka ɗauke shi aka kai shi gwamna a ƙasar da a ke kira Kenya yanzu. Bai ga isar jirgi Kano ba, Gwamna Hesketh Bell ne ya gani. A Kenya ya tarad da abin da babu a Arewa, watau Turawa manoma da suka zo zama, masu baki a Landan. Akwai wata kabila ta makiyaya, Masai, masu son shanu kamar Fulaninmu. Cikin 1904 an riga an tashe su daga makiyayarsu mafi kyau an ba Turawa, aka yi musu alkawari a rubuce cewa tudun Laikifiya nasu ne muddin akwai Masai a duniya. Shekara 7 kaɗai alkawarin ya yi. Turawa suka ga Laikifiya ta yi kyau, suka so ta. Cikin 1911 Jiruwa ya sa aka yi sabuwar yarjejeniya, aka kora Masai da garkunansu zuwa kudu. Mutane da dabbobi suka mutu a hanya. Masai suka kai ƙara kotu, cikin 1913 aka kori ƙarar.

Ministan ƙasashen mallaka ya tambaye shi ko ya riga ya yi wa Turawa alkawarin ƙasar nan, ya musa. Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Magana ta fito fili, cikin 1912 ya ajiye aiki. Ku duba fa, mutumin da ya tsare wa manomin Arewa gonarsa, shi ne ya raba makiyayin Masai da makiyayarsa, tsakani bai fi shekara 3 ba. Na tambayi kaina, halinsa ne ya sāke? Ga abin da na gani. A Arewa ba wanda ya matsa masa ƙwarai a kan ƙasa, sabo da haka adalci bai ci masa kome ba. A Kenya, inda adalci zai jawo masa fushin 'yan'uwansa, sai ya kāsa.

Ƙarshensa

Bai sake riƙon wata ƙasa ba. Ya shiga wani babban kamfanin ƙera makamai a Ingila. Da Yaƙin Duniya na Farko ya tsananta, cikin 1915, gwamnati ta kira shi ya shugabanci samar da harsashi, amma bai daɗe ba ya koma kamfaninsa. A shekarar nan kuma aurensa ya mutu. Ya rasu a Landan ran 26 ga Satumba 1932, yana da shekara 65.

Da na koma wa aji 5, na ba su labarin nan gwargwadon hankalinsu. Na gaya musu ƙwazonsa, da littafinsa mai kauri, da yadda ya riƙe ƙaramin aiki shekara 5 kafin a ba shi babba, gama wannan abin koyi ne. Na gaya musu dokar ƙasa. Ban kuwa ɓoye musu Omdurman da Gussoro da Laikifiya ba. Sa'an nan muka ɗebo yumɓu a bakin rafi, ko wane yaro ya gina mutum guda da kwando a ka ko diga a kafaɗa, muka jera su a gefen hanyar. Yarinyar nan ta gina 3, ta ce ɗaya mai kawo musu abinci ce. Da muka gama sai jirgin ya kusa ɓacewa cikin taron mutane, na kuwa ga haka ya fi kama da gaskiya.

Shawarata gare ku, 'yan'uwa, in za ku koyar da tarihin wani babban mutum, ku faɗi abin da ya yi na kirki ba tare da hassada ba, ku faɗi ɓarnarsa ba tare da tsoro ba, ku kuma tambayi kanku su wa suka ɗauki kwandon. Yara suna lura, in kun tsallake za su tambaya, watakila ma ran da mai duba ku ke zaune a bayan aji.

Jirgin nawa dai gara ta cinye shi lokacin hutu, gwangwanin kaɗai ya tsira. Ina shirin sake wani da kakar bana, da tashar Baro da gadar Kaduna, don ya zauna a ɗakin sana'a na kwaleji ko wane ɗalibi ya ara in za shi gwajin koyarwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ke so ya sa hannu ya same ni can ran Asabar da yamma, ya riƙo gwangwanin madara da wuƙa mai kaifi.